Lambu Ba Sai Da Kuɗi Ba: Hanyoyin Samun Dashe Da Baƙon Iri A Zangon Kumasi

Sanin kowa ne cewa an daɗe ana yi wa Kumasi laƙabi da Birnin Lambuna, saboda itatuwa da furannin da suka lulluɓe ta ta kowace kusurwa. To amma wanda ya ratsa Aboabo ko Sabon Zango ko Asawase ko Akwatia Line da tsakar rana, da wuya ya ga abin da zai gaskata masa wannan suna. Rufin kwano ya haɗe da rufin kwano, tsakar gida an shafe ta da siminti, inda kuma gwanda take tsaye a dā an ta da ɗakin haya. Idan ka tambayi magidanci abin da ya hana shi shuka ko da zogale guda, amsar ba ta wuce biyu: ko ya ce babu fili, ko ya ce dashe ya yi tsada. Akwai kuma kashi na uku, wato masu sha'awar gaske, waɗanda suka sha zuba kuɗi wajen sayen baƙon iri daga nesa yana mutuwa a hannunsu, har suka yanke ƙauna suka ce ƙasar Zango ba ta karɓar shuka.

Maganar fili mai sauƙi ce, domin buhun shinkafa da tsohon bokiti da jarkar nan rawaya da ake kira galan ɗin Kufuor duk gona ce ga wanda ya so. Maganar dashe ita ce mai bukatar bayani. Haƙiƙa mafi yawan abin da gida ke bukata na ganyen miya da kayan ƙamshi ana samun irinsa kyauta ko da 'yan kuɗi kaɗan, a kwandon cefane, ko a gidan maƙwabci, ko a cibiyoyin gwamnati da ke kewaye da birnin nan. Asarar da ake tafkawa kuwa, galibi tana zuwa ne daga sayen abin da bai dace da ruwa da iskar Kumasi ba.

Abin da ya sa maganar ta zama dole

Dattawanmu ba su manta da shekarar 1972 ba, lokacin da gwamnatin Kanar Acheampong ta yi kira ga jama'a su ciyar da kansu, ma'aikata da 'yan makaranta suka mai da harabar gidaje da kangayen filaye gonaki. Ba su kuma manta da 1983 ba, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, wadda a cikinta gidan da ke da rogo ko ganye a gefe ya fi maƙwabcinsa kwanciyar hankali. Mu ma mun ga namu. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. A 2023, bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a watan Yuli, aka rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya, farashin buhu ya yi tashin gwauron zabi. Tumatirin da muke ci da rani kuwa, mai yawa daga cikinsa daga Burkina Faso yake zuwa.

Babu mai cewa buhu biyar a gindin katanga zai maye gurbin kasuwar Kejetia. Amma uwargidan da ke tsinkar ayoyo da attarugu a ƙofar ɗakinta sau biyu ko uku a mako ta rage wani abu daga kuɗin cefane, ta kuma san irin ruwan da aka shayar da abin da 'ya'yanta ke ci. Guntun gatarinka, in ji masu iya magana, ya fi sari ka ba ni.

A fara da kwandon cefane

Wurin renon dashe na farko shi ne madafar uwargida. Albasa mai lawashi, idan aka yanke ganyen aka bar gindin da saiwarsa kamar tsawon ɗan yatsa, aka kafa shi a ƙasa mai danshi, cikin mako biyu ko uku zai sake toho, ana yanka yana sakewa. Na'ana'a da ɗaɗɗoya, a zaɓi kara mai ƙwari, a cire ganyen ƙasa, a tsoma a kofin ruwa. Da zarar farar saiwa ta fito sai a mai da shi tukunya. Citta da gangamau kuwa, a duba saiwar da ta fara fito da ido, a yanka ta yadda kowane yanki zai sami ido ɗaya ko biyu, a bar yankan ya sha iska kwana ɗaya ko biyu, sannan a binne ba da zurfi ba. Citta tana son inuwa da danshi, tana kuma ɗaukar wata takwas zuwa goma. Ƙasar nan tana karɓarta sosai, shaida kuwa ita ce Gyankobaa da ke yankin Atwima, garin da aka sani da noman citta. Kan abarba ma dashe ne, sai dai yana bukatar haƙurin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Hulbar da ake saya don kunu ko magani, idan aka watsa ta a faranti mai ƙasa, cikin mako uku zuwa huɗu ta ba da ganyen da za a ci.

Wajen ɗiban ƙwaya daga abin da aka sayo akwai ƙa'ida. Attarugu da barkono da gauta, a zaɓi wanda ya nuna sarai, a shanya ƙwayar a inuwa. Tumatir, a matse ƙwayar da ruwanta a kofi, a bar ta kwana biyu zuwa uku har ta yi tsami, a wanke, a shanya. Wannan tsamin shi ke cire yauƙin da ke hana ta tsira. Sai dai mai karatu ya sani cewa tumatir da tattasai masu kyan gani, masu girma iri ɗaya, sau da yawa daga irin kamfani suke, wanda ake rubuta wa alamar F1 a jikin fakiti. Irin wannan an haɗa shi ne daga iyaye biyu daban, saboda haka 'ya'yansa ba sa ɗauko kamanninsa: wani ya yi ƙanana, wani ya ƙi haihuwar kirki. Wanda ke son irin da zai riƙa ajiyewa shekara da shekara, to ya nemi irin gida wajen matan ƙauye da ke kawo kayan gonarsu da kansu.

Ayoyo, wanda mutanen Kano ke kira lalo, yana da taurin kai wajen tsira. Maganinsa shi ne a ƙulle ƙwayar a ƙyalle, a tsoma a ruwan da aka sauke daga wuta kamar daƙiƙa 10, a fitar, a shanya, a shuka. Kuɓewa a jiƙa ta kwana ɗaya. Gwanda kuwa tana da namiji da mace, don haka a zuba ƙwaya uku a rami ɗaya, in sun yi fure a cire namijin, wato mai dogayen furanni masu reto. Kafin a ɓata buhu da taki a kan tsohon iri, a gwada shi: a jera ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen ƙyalle, a naɗe, a duba bayan mako guda. In bakwai sun tsira iri ne na ƙwarai. In uku ne kawai, a nemi wani.

Reshe daga gidan maƙwabci

Da yawa daga cikin tsirrai mafi amfani a gidajenmu ba a ma shuka su da ƙwaya. Zogale, a sami reshe mai kaurin damtsen yaro, tsawonsa kamar mita ɗaya, a binne kashi ɗaya cikin uku nasa a wurin da ruwa ba ya kwanciya. Shuwaka da lalle da rogo duk haka suke kamawa. Ciyawar shayi mai ƙamshin lemo raba gindinta ake yi. Dankalin Hausa yaɗonsa ake yanka. Makani, wanda ganyensa ne kontomire, 'ya'yan gindinsa ake cira. Wanda ke da waɗannan tsirrai ba ya asarar komai in ya bayar, domin zogale da shuwaka sassabe ma ƙara musu yawan ganye yake yi. Abin da ake bukata kawai shi ne sallama da roƙo cikin ladabi, da kuma kiyaye haƙƙi: ba a karya reshen da ya leƙo ta kan katanga ba da izinin mai shi ba.

Ayaba da agade suna bukatar ƙarin kula, saboda ɗan gindin da aka ciro yakan taho da ƙwaro da tsutsar saiwa daga uwarsa. Malaman gona suna koyar da cewa a fere gindin da wuƙa har ya yi fari tas, a tsoma shi a tafasasshen ruwa daƙiƙa 30, a fitar ya huce, sannan a dasa. Wanda ya sami iri mai kyau guda ɗaya tak yana iya tsaga gindin gida-gida, ya binne a jiƙaƙƙen garin katako, kowane yanki mai ido ya fitar da tsiro. Garin katako kuwa ba abin nema ba ne a garin da ke da unguwar masu katako kamar Sokoban.

Ƙasa da taki su ma kusan kyauta ne, amma da sharaɗi. Kashin kaji da na tumaki, musamman wanda ke taruwa a turakun raguna gabanin Layya, sai ya kwana biyu ya ruɓe ya daina zafi, in ba haka ba ya ƙone tsiro. A guji ɗiban ƙasa daga wuraren da ake fasa batir da ƙona wayoyi da tarkacen lantarki, ko daga bakin rafin Aboabo, domin dalma da sauran guba suna zama a ƙasa su shiga ganye. Haka nan ba a shuka abin ci a jarkar da ta taɓa ɗaukar baƙin mai ko maganin feshi. Ruwan alwala da ke zuba a kwata kullum sau biyar, in an tare shi a bokiti, ya ishi zogale da ayaba da lalle har da rani.

Ƙofofin da ba mu cika ƙwanƙwasawa ba

Kaɗan ne daga cikin biranen Afirka ta Yamma aka kewaye da cibiyoyin noma kamar Kumasi, amma mu mutanen Zango ba mu cika zuwa ba, wataƙila don muna ɗauka na manyan manoma ne kawai. A Fumesua, kan hanyar Ejisu, akwai Cibiyar Binciken Amfanin Gona ta hukumar CSIR, wadda aka kafa a 1964, tana kuma da reshe a Kwadaso. Daga nan masarar Obatanpa ta fito a 1992. Daga nan kuma dankalin Apomuden mai jan ciki ya fito a 2005, wanda ke ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, abin da yara da masu shayarwa ke bukata. Akwai kuma nau'o'in barkono kamar Shito Adope da Mako Ntoos. Waɗannan iri an gwada su a ruwan ƙasar nan da cututtukanta, kuma ɗan yaɗon dankalin da mutum zai riƙe a hannu ɗaya ya isa ya cika buhuna da yawa cikin damina biyu.

A Fumesua ɗin dai akwai Cibiyar Binciken Gandun Daji, FORIG, wadda ke da sani a kan irin itatuwan kurmi kamar prekese. Jami'ar Kwame Nkrumah, wadda kowa ke kira Tek, tana da sashen nazarin noman lambu da kuma lambun tsirrai, wuri ne da ya dace a kai tambaya a kan itacen aure. Sashen gwamnati mai kula da lambuna da wuraren shaƙatawa yana renon furanni da itatuwan inuwa. Mai tafiya Akra kuma yana ratsa Bunso, inda cibiyar adana irin tsirrai ta ƙasa take, wadda ita ce rumbun irin Gana, tana kuma renon dashen itatuwan marmari da na kayan ƙamshi. A Gyinyase, kusa da Tek, akwai manoman latas da kabeji da albasa mai lawashi waɗanda ke renon dashe a kan kunya. Sau da yawa sukan rage fiye da abin da za su dasa, kuma magana mai daɗi da 'yan sidi kaɗan sun isa.

Hanya mafi sauƙi zuwa ga duk waɗannan ita ce ta malamin gona. Aboabo da Asawase da Sawaba suna ƙarƙashin ƙaramar hukumar Asokore Mampong, wadda ke da sashen aikin gona kamar kowace ƙaramar hukuma, aikin ma'aikatansa kuwa shi ne su amsa irin waɗannan tambayoyi. Bikin Ranar Manoma, wanda aka saba yi a Juma'ar farko ta Disamba, shi ma wuri ne na ganin sabon iri da sanin masu shi. Dangane da itatuwa, a ranar 11 ga Yuni 2021 aka fara shirin Green Ghana da burin dasa itace miliyan 5, Hukumar Gandun Daji ta raba dashe kyauta ga makarantu da masallatai da coci-coci da ɗaiɗaikun mutane, aka ci gaba da haka har 2024. A watan Maris na 2025 aka ƙaddamar da wani sabon shiri mai suna Tree for Life a Nkawie, nan cikin yankin Asante. Saboda haka duk farkon damina yana da kyau shugaban unguwa ko kwamitin masallaci ya leƙa ofishin gandun daji ya tambayi abin da ake rabawa. Matambayi ba ya ɓata.

In ya zama dole a saya

Abin da ya cancanci a fitar masa da kuɗi shi ne itacen marmari ɗan aure. Mangwaron Keitt ko Kent da aka shuka daga ƙwallo ba ya ɗauko uwarsa, fiya ma haka, kuma mutum yana iya jiran shekara bakwai ko fiye kafin ya gane abin da ya shuka. Ɗan aure kuwa yakan fara haihuwa cikin shekara uku zuwa huɗu, ya kuma ba da ainihin abin da aka nema. Alamar auren tana nan a jikin kara, ɗan tabo ko kumburi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. In babu ita, kada a biya kuɗin ɗan aure. Bayan an dasa, duk tohon da ya fito a ƙarƙashin tabon a cire shi, domin na gindin ne, in an bar shi zai danne na saman.

Masu sayar da dashe a bakin manyan hanyoyi suna da kaya masu kyau, amma mai saye ya san abin da yake dubawa. Ƙaramin tsiro mai lafiya a leda ya fi babba a tukunyar ado araha, ya kuma fi saurin kamawa. A ɗaga ledar a duba: in saiwa ta huda ta shiga ƙasa, ko ta naɗe kamar gammo, tsiron ya daɗe a matse. A juya ganyen a duba bayansa, in akwai fararen ƙwari masu kama da auduga a bar shi ko da kyauta ne. Gida biyar da suka haɗa kuɗi suka saya tare sun fi samun rangwame. Fure ko ganyen ado kuwa uwa ɗaya ta isa, sauran a yanka daga jikinta. Game da masu tallar iri a Facebook da WhatsApp da hotunan shuɗin wardi da tuffa mai haihuwa a bokiti, a tuna cewa cinikin biri a sama ne. Babu wardi shuɗi na asali, tuffa kuma tana bukatar sanyin da Kumasi ba ta da shi. Lokacin dashen itace shi ne Mayu zuwa Yuni, lokacin da damina ta zauna. Kayan miya kuma a rene su a Fabrairu ko Maris don babbar damina, a sake a Agusta don ƙaramar damina ta Satumba zuwa Nuwamba.

Dabino, zaitun, rumman da ɓaure

Baƙon irin da zukatanmu suka fi karkata gare shi sananne ne. Kusan kowane alhaji ya taɓa binne ƙwallon ajwa a tukunya, kusan kowace hajiya tana burin ganin zaitun ko rumman a tsakar gidanta, saboda darajar da waɗannan itatuwa ke da ita a wurin Musulmi. Buri ne mai kyau, amma a san abin da ƙasa za ta iya. Ruwan sama a Kumasi yana kai kusan milimita 1,400 a shekara, a Maraɗi kusan 500, a Madina kuwa ba ya kai 100. Dabino yana son zafi da busasshiyar iska lokacin da 'ya'yansa ke nuna, shi ya sa ya yi albarka a Bilma da Ingal a Nijar, aka kuma kafa tashar bincikensa a Dutse ta Jihar Jigawa. A nan zai tsira, zai yi tsawo, amma danshi zai ruɓar da 'ya'yan. Bugu da ƙari, kusan rabin abin da ya fito daga ƙwallo maza ne, matan kuma ba sa ɗauko ɗanɗanon uwarsu. Zaitun yana bukatar sanyin hunturu irin na bakin Bahar Rum kafin ya yi fure, a nan ganye kawai zai bayar. Albasar Galmi da tafarnuwa da habbatus sauda su ma 'yan busasshen sanyi ne.

Rumman da ɓaure su ne za a iya gwadawa. Dukansu suna kamawa daga reshe, saboda haka a nemi wanda ya riga ya haihu a cikin ƙasar nan a roƙi yanki. A sa su a babbar tukunya mai ƙasa haɗe da yashi, a wurin da rana ke duka, a rage musu ruwa, kada kuma a yi tsammanin yawan 'ya'ya irin na Timiya a tsaunukan Azbin.

Kakanninmu fatake sun fahimci wannan tun da daɗewa. Shekaru aru-aru suna ɗaukar goro daga Gwanja zuwa Kano, amma goro bai zama amfanin gonar Kano ba, domin ɗan kurmi ne. Mu da muke zaune a cikin kurmin, abin da mutanen Katsina da Damagaram ke saya da tsada shi ne ke tsira a ƙofarmu: masoro mai hawa jikin itace, citta mai 'ya'ya, kimba, namijin goro, agwaluma. Akwai ma wani ɗan itace da mutanen Asante ke kira asaa, wanda in aka tsotsi jan ɗansa, lemun tsami ya koma zaƙi a baki na ɗan lokaci. Masu lambu a Amurka da Japan suna nemansa ido rufe, alhali asalinsa kurmin Afirka ta Yamma ne, kuma yana zama a tukunya. Ga baƙon iri na gaske ga mai son abin nuna wa baƙi.

Abin da ke cikin jakar matafiyi

Jama'armu matafiya ne, tsakanin Abijan da Lome da Wagadugu da Yamai da Kano da Makka, kuma babu shakka tafiya ta kawo wa ƙasar nan alheri. Tetteh Quarshie ya dawo da koko daga tsibirin Fernando Po a 1879. Dogon yaro daga Indiya aka kawo shi zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, yau kuma shi ne inuwar Arewa. Amma hanyar da alheri ke bi ita ce annoba ke bi. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro ya shigo Kwango a jikin karan rogon da aka kawo daga Kudancin Amurka, ya bazu a ƙasashen da ke noman rogo, a wasu gonaki ya cinye har kashi 80 cikin ɗari. Ba a shawo kansa ba sai da masanin nan Hans Herren da abokan aikinsa na cibiyar IITA suka fara sakin wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Faragwai a 1981. Cutar da ke tsuke kan ayaba ta hana ta haihuwa ta ɓulla a Benin da Nijeriya a farkon shekarun 2010, aka kuma gan ta a Togo a 2018, kuma a jikin 'ya'yan gindin da mutane ke ɗauka daga gari zuwa gari take tafiya.

Shi ya sa Dokar Tsirrai da Taki ta Gana, mai lamba 803 ta shekarar 2010, ta wajabta neman izini daga sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma, PPRSD, kafin a shigo da iri ko dashe, tare da takardar shaidar lafiyar tsiron daga ƙasar da ya fito. Mafi haɗari shi ne tsiro mai rai, da saiwa, da ƙasar da ke manne da ita. Wanda ya ɓoye ɗan ayaba a cikin kaya don ya tsere wa jami'in iyaka, yana iya jawo wa manomin da bai taɓa gani ba asarar gonarsa. Ko dashen da aka samo a cikin ƙasa, yana da kyau a ware shi gefe mako biyu ko uku a ga lafiyarsa kafin a haɗa shi da sauran.

Irin kakanni da adashen dashe

Akwai wani irin da ya fi kowanne wuyar samu, kuma babu kamfanin da ke sayar da shi. Shi ne wanda iyayenmu mata suka zo da shi daga Bawku da Salaga da Sakkwato da Dosso a ƙulle a bakin zane: yakuwa mai jan kara da mai fari, rama, karkashi, tafasa, alayyahon da muke kira alefu, doguwar kuɓewa mai jure ruwa, ɗan mitsitsin barkono mai ƙamshi. Wanda ya daɗe ana shuka shi a Zango ya riga ya saba da ruwan Kumasi. Duk tsohuwar da ta rasu ba a karɓi ƙullin irinta ba, duk tsakar gidan da aka shafe da siminti, wani nau'i ne ke iya tafiya ba dawowa.

Adana shi ba wuya, in an kiyaye danshi, wanda shi ne babban maƙiyin iri a garin nan. A bar kuɓewa da yakuwa su bushe a jikin uwarsu, a ƙarasa shanya su a inuwa, lokacin hunturu ya fi dacewa. A zuba a kwalba mai murfi mai kamawa tare da busasshiyar toka ko ɗan gawayi, a rubuta sunan iri da shekara da garin da ya fito, a ajiye nesa da murhu. A kuma riƙa shuka shi kowace shekara ko biyu don ya sabunta.

Matanmu sun ƙware a adashe, to me zai hana a yi adashen dashe? Gida goma su haɗu, ko ɗaliban makarantar Islamiyya guda, kowane gida ya ɗauki nau'i ɗaya ya rene shi a ledojin ruwan sha da yara za su tsinto su huda. Wannan ta reni attarugu 30, waccan ta yanka shuwaka 30, wancan ya kawo yaɗon Apomuden daga wajen malamin gona. Ranar da aka sa, a farkon Afrilu, a hallara a raba, kowa ya koma da nau'i goma bai kashe ko sidi ɗaya ba. A ajiye littafi guda da za a riƙa rubuta wanda ke riƙe da kowane iri, domin in ya mutu a wani gida a san inda za a same shi. A fara da ziyartar tsofaffin unguwa a tambaye su abin da ke cikin ƙullinsu, tun suna nan da ransu. Allah Ya sa albarka a abin da za mu shuka, Ya amfanar da mu da zuriyarmu da shi, amin.